Haruna, Wanda Ya Tare Mini Iska

A wannan watan Haruna ya cika shekara tara da rasuwa. Sai da na ƙirga da yatsu kafin na yarda, domin har yau in na fito sallar asuba na ji iska tana kaɗowa daga arewa, abin da yake fara faɗo mini a rai shi ne, yau Haruna zai sha wuya a gaba. Daga baya in tuna babu sauran wannan. Ni kaina kekena ya yi shekaru a jingine a saman rufin gida, rana ta tsattsaga tayoyinsa.

Mai karatu ba zai san shi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ko a nan Madina, in ka tambayi Haruna Abu Maryam, sai dai tsofaffin ma'aikatan filin jirgi su ce maka, dogon nan mai ɗora kayan alhazai? To shi ne. Ya fi shekara ashirin yana ɗaga akwatuna da jarkokin zamzam yana turawa cikin jirgi. Amma kafin ya shiga dawam, wato lokacin aikinsa, ya riga ya yi awa uku a kan keken tsere, kuma a cikin duk mutanen da na taɓa bin bayansu a kan kwalta ban ga mai ƙarfinsa ba.

Lungu ɗaya aka haife mu a unguwar Harra ta Yamma, ya girme ni da shekara uku. Kakana ya taso daga Kano a ƙafa, nasa kakan daga Damagaram, dukansu da niyyar su sauke farali su koma gida. Babu wanda ya koma. Bambancin kawai, lokacin da ake rubuta mutane ana ba su takardar zama 'yan ƙasa, kakana ya je ya bi layi, nasa kuwa ya ce shi baƙon Annabi ne, baɗi zai tafi, me zai yi da takarda. Har ya mutu baɗin nan ba ta zo ba. Ni na tashi da jinsiyya, ɗan ƙasa, Haruna ya tashi da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, da fasfon Nijar, ƙasar da bai taɓa gani ba sai a bakin kakarsa. Muna ƙanana ba mu san akwai wani abu a tsakaninmu ba. Ranar Juma'a mu ci tuwo a ɗakin Inna, mahaifiyarsa, sauran ranaku mu ci tamis da ful, burodi da waken Larabawa, a gidanmu, ana yi mana faɗa da Hausa muna ba da haƙuri da Larabci.

Keke ya shigo rayuwarmu ta hannun wani koci Bamisire da ke tara matasa a wani ƙaramin kulob a unguwar Jurf. Shi ya nuna mana abin da 'yan kallo ba sa gani. Mai kallo yana ganin mutum ɗari a dunƙule suna gudu, can ƙarshe ɗaya ya fito ya ɗaga hannu. Abin da ke cinye ɗan tsere kuwa iska ce. Wanda yake gaban ayari shi yake yanka ta da ƙirjinsa, wanda ya laɓe a bayan tayarsa yana gudu daidai da shi amma da ragowar ƙarfi a cinya. Don haka kowace ƙungiya takan ware mutum ɗaya ta adana shi, sauran su ƙona kansu dominsa. Su tare masa iska, su koma mota su ɗauko masa ruwa, in tayarsa ta yi faci su cire tasu su ba shi su tsaya a bakin hanya. Kocin ya yi mako biyu yana kallonmu, sannan ya yanke hukunci. Ya ce Haruna yana da ƙirjin raƙumi amma ba shi da zafin ƙarshe, ni kuma ba na jure doguwar wahala, amma in aka kai ni kusa da layi babu mai kama ni. A ranar ya raba mana aiki, kuma rabon bai sake canjawa ba.

Shekara bakwai ina bin bayan Haruna. Na san bayan rigarsa fiye da yadda na san fuskarsa, na san inda gumi yake fara tsattsafo masa, na san ƙarar numfashinsa in ya kusa ƙarewa. Yana da wata alama. In lokaci ya yi, sai ya saki hannun dama ya bubbuga kwankwasonsa sau biyu, ma'ana, Isa, kama tayata. Kofuna shida ne a cikin kabad ɗina, sunana ne a jikin kowanne, kuma babu wanda ba shi ya kai ni bakinsa ba. Shi yakan shigo na talatin ko na arba'in yana haki, tun bai sauka daga sirdi ba ya tambaya, "Mun ci?" Haka yake faɗa kullum, mun ci.

Yanzu ana kawo manyan gasanni ƙasar nan, ana nuna su a talabijin, jirgi mai saukar ungulu yana bin ayari ta tsakanin duwatsun arewa. Nakan zauna in kalla ni kaɗai. Kowane ɗan tsere da na'ura a kunne, ana faɗa masa daga mota yaushe zai taka, yaushe zai sassauta, ga wani ɗan allo a hannun keke yana gaya masa ƙarfin da ya rage masa. Ina jin da Haruna zai ga wannan, da ya yi tsaki ya ce an mayar da mutane injin, sannan ya gyara zama ya kalla har ƙarshe. Na kuma san inda idonsa zai tsaya. Ba ruwansa da wanda ya ɗaga hannu. Zai nuna mini wani da ya yi awa biyu a gaba sannan ya zame gefe ba wanda ya ambaci sunansa, ya ce, ga ɗan tsere nan.

Akwai abin da ban so ya gani ba. A wasanni da dama yanzu, in wata ƙasa mai hali ta hango mai gudu a Afirka, sai ta kira shi ta ba shi fasfo da sabon suna da tuta, cikin ɗan lokaci ya zama nata. Haruna a nan aka yanke masa cibiya, a nan aka haifi ubansa, kuma lokacin da aka zo kulob ɗinmu zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa, an duba lokutan gudunsa, an jinjina kai, aka duba takardarsa, aka wuce. Ni aka ɗauka. Ya ce mini mabruk, wato barka, ya durƙusa ya ci gaba da ɗaure mini birki. Ban ji ya sake ta da maganar ba.

Bayan shekara biyu aka shirya wata gasa ta ƙasashe a yankinmu. Za a tashi daga wajen gari, bayan iyakar Harami, a bi hanyar arewa a zagayo. An gayyato ƙasashen Larabawa da wasu na Afirka, amma mu ƙasa ɗaya ce ta tsaya mana a wuya, wata maƙwabciyarmu da ba sai na kama sunanta ba. Sau uku a jere suna doke mu, kuma ana maganar kamar gari aka ci da yaƙi. A otal ɗin da aka sauke mu ko teburin cin abinci ba ma haɗawa da su. Kocin ƙasa ya tara mu ya ce kowa ya ci bai dame shi ba, ban da su, ban da a gidanmu. Ni ne wanda za a adana.

Mutanen Nijar suka iso su biyar maimakon shida, zazzaɓi ya kwantar da ɗaya kafin su taso. Wani ɗalibin jami'a da ke yi musu tafinta ya ce ai akwai ɗan ƙasarku a garin nan da ke hawan keke. Aka je filin jirgi aka nemo Haruna, aka duba fasfo, aka miƙa masa rigar da ta yi masa kaɗan a kafaɗa. Da ya kai wa Inna ta gani, ta daɗe tana shafa tutar da ke ƙirjin rigar, ta ce, "Ashe dai akwai ƙasar da ta san da kai." Sababbin abokan nasa suna dariyar Hausarsa, don kowace magana sai ya cusa yalla da halas na Larabci, su kuma in sun zo tsara dabara sai su juya Faransanci, sai an fassara masa. Amma kyaftin ɗinsu Mahamadu, wani siriri mai zafin ƙarshe irin nawa, ya riƙe shi da mutunci. Shirinsu mai sauƙi ne. Haruna ya ɓalle tun da wuri don manyan ƙasashe su gaji da binsa. In an kamo shi, ya yi amfani da abin da ya rage masa ya kai Mahamadu bakin layi.

Haka kuwa aka yi. Ba a daɗe da tashi ba ya ɓalle tare da wasu mutum biyu, muka ƙyale su, don ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci. Da rana ta ɗaga, iskar gefe ta taso ta kan baƙaƙen duwatsu, mutum biyun suka sare, ya rage shi kaɗai. A nan ne mu da maƙwabtanmu muka shiga wasan jira. Duk wanda ya fara binsa, mutanensa ne za su ƙone, ɗayan ya zo ya ci a sauƙaƙe. Suna kallonmu, muna kallonsu, ayari yana tafiya kamar ana rakiyar amarya, tazarar Haruna tana ƙaruwa. Shi ne karo na farko a rayuwarsa da yake gaba ba don kowa ba. Ina cikin ayarin, da rigar ƙasata a jikina, zuciyata tana cewa, tafi, Abu Maryam, tafi.

Sai motar kocinmu ta matso kusa da ni. A zamaninmu babu na'urar kunne, koci ta taga yake leƙowa. Ya ce da Larabci, "Ya Isa, kai ka san bawan Allahn nan. Zai kai?"

Da na ce ban sani ba, da ba wanda zai kama ni da ƙarya. Amma akwai abin da na sani wanda babu wanda ya sani sai ni. Watanni kafin nan wani akwatin kaya ya faɗo wa Haruna a gwiwar hagu a wurin aiki, ya ɓoye, don kada a ce ba zai iya ɗaukar kaya ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta damunsa, amma in ya yi awa uku sannan ya tarar da hawa, ba ya iya miƙewa a kan feda. Kuma akwai dogon tudu a gabanmu. Na ce, "In kun bar shi ya haye tudun can da wannan tazarar, ya tafi. Amma gwiwarsa ta hagu ba ta ɗaukar hawa. A tudun za ku ci shi."

Na yi shekaru ina neman dalilin da ya sa na faɗa. Na ce wa kaina amana ce ta riga, na ce koci ne ya tambaya. Duk akwai gaskiya a ciki. Amma ina son in ci gasar nan a gidanmu, gaban mutanenmu, wannan ma yana ciki, kuma ina jin shi ya fi yawa.

Motar kocin ta ja baya har ta jera da ta kocin maƙwabta, na ga gilasai sun sauka. Mutanen da ba sa gaisawa suka gama magana cikin minti ɗaya. Kafin mu kai gindin tudun, mutum huɗu namu da huɗu nasu sun jeru a layi ɗaya suna karɓa-karɓa a gaba, ƙasashe biyu sun shirya don su kamo mai ɗora kaya a filin jirgi. A kan tudun tazarar ta narke. Duk da haka bai ba da kai ba, sai da muka hango tutocin wurin ƙarewa sannan ayari ya haɗiye shi.

A lokacin mutanena huɗu sun ƙare, sun zube baya. Maƙwabta kuwa sun yi wayo, sun ɓoye mutum ɗaya da bai ja ba, yana gaban nasu gwanin. Ni na tsinci kaina a gefen hanya, tsirara a cikin iska, babu tayar da zan kama. Haruna ya waiwayo, fuskarsa fari fat da gishirin gumi. Mahamadu yana bayansa ta dama, yana kiran sunansa. Ni ina ta hagu. Sai na ga ya karkato hagu, ya saki hannu, ya bubbuga kwankwaso sau biyu.

Na kama tayar. Ya ja ni da abin da ban san inda ya samo shi ba, har kusa da layi, sannan ya zame. Na miƙe na taka iya ƙarfina, na zo na huɗu. Gwanin maƙwabta ne ya ci. Mahamadu, wanda aka bari a iska, ya zo can baya.

Ina tsaye lokacin da Mahamadu ya same shi a zaune a bakin kwalta ya riƙe gwiwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Haruna, rigar wa ke jikinka?" Haruna ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ban yi shawara ba. Hannun ne ya yi da kansa." Mahamadu ya ce, "Mun yi shekara muna shirin wannan rana," ya tura kekensa ya tafi. Yana da gaskiya, kuma Haruna ya sani. Washegari ya wanke rigar, ya ninke, ya kai musu otal da kansa. Ba su sake nemansa ba. A ɓangarenmu kuma ba wanda ya ce masa sannu, don an sha kaye a gida, kowa yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Da yamma ya koma dawam yana ɗingishi.

Ya ƙara shekara biyu a kulob yana ja mini, sannan gwiwar ta ƙi, ni ma aure da aiki suka ɗauke ni. Muka zama mutum biyu masu shan shayi bayan la'asar suna hirar farashin taya. Daga baya ciwon ƙoda ya kama shi. Sau uku a mako nake kai shi wankin ƙoda, in zauna kusa da gadon muna kallon jini yana zagaya roba. A irin wannan zaman ne, wata safiya, na faɗa masa abin da na gaya wa koci ta taga. Na yi zaton zai yi mamaki. Bai ko juyo ba. Ya ce, "Na sani tun a kan tudun. Wa ya san gwiwata in ba kai ba?" Na ce, to me ya sa ka ja ni? Ya ce, "Na gan ka a iska." Sannan ya ce, "Na yafe maka, Isa, tuntuni. Amma da ni aka tambaya, da ban faɗa ba." Babu fushi a muryarsa. Bayan wata huɗu ya rasu.

Abin da ya biyo baya shi ya fi yi mini nauyin rubutawa. Matarsa Hajara da 'ya'yansa mata biyu, Maryam da Asma'u, a kan iƙamarsa suke zaune. Da ya mutu, takardar ta mutu tare da shi. Na shiga ofisoshi, na nemi alfarma wurin waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba, na yi ta samun alkawari. Inna ta riga shi rasuwa, don haka ba ta ga ranar ba. Bayan shekara ɗaya da rabi ni na tuƙa su zuwa filin jirgin da ya yi rayuwarsa a ciki. Abokan aikinsa suka fito da rigunan dawam suka karɓi akwatunan, suka ce ba bel ɗin kaya da zai ɗauke su, da hannu suka kai su har cikin jirgi. Suka tafi Damagaram wurin dangin da ba su taɓa gani ba. Asma'u ko gaisuwa ba ta iya yi da Hausa har ƙarshe ba tare da ta koma Larabci ba.

Yanzu an yi wa masu keke hanyoyi a wasu unguwannin Madina, da safe nakan ga samari da kekunan da ko a mafarki ba mu taɓa hawa ba. Kulob ɗinmu na Jurf ya zama wurin wankin mota. Kocin Bamisire ya koma ƙasarsu, na ji ya rasu. Na taɓa tsayar da wasu daga cikin samarin nan, 'ya'yan Hausawa ne, na san iyayensu, na fara ba su labarin Haruna. Suka saurara cikin ladabi, ɗaya ya tambaye ni ko akwai bidiyon gasar. Babu. Ya ce Allah ya ji ƙansa, ya ammi, wato baffa, suka taka suka wuce. Ban ga laifinsu ba.

To me ya rage na Haruna? Na auna, na sake aunawa, abin da ke hannuna kaɗan ne. Ba shi da kofi. Sunansa yana cikin wata takardar sakamako da ban san inda take ba, can ƙasa, kusa da tutar ƙasar da ta ɗauke shi maci amana na yini ɗaya sannan ta manta da shi. An binne shi a Baƙi'a, inda mutane daga ko'ina a duniya suke roƙon Allah ya ba su makwanci, kuma a cikin iyalinsa shi kaɗai aka bari ya zauna a garin da aka haife shi. A can ba a rubuta suna a kan kabari. Shekarun farko ina gane wurin da wani dutse mai tsini, yanzu duwatsun sun yi mini kama da juna, sai in tsaya a inda nake zato in yi sallama ga duk wanda ke wurin.

Makon jiya Maryam ta kira ni daga Damagaram. Ta yi aure, ta haifi ɗa namiji, za a sa masa sunan babanta. Hausarta ta gyaru, har ta fi tawa. Ta ce dangin mijinta suna tambayarta wane ne Haruna, tana so ta ba su amsa. Ta ce, "Kawu, Baba ya taɓa cin wata gasa kuwa?"

Na dubi kabad ɗin da ke gabana. Na ce mata, "Bai taɓa ba, Maryam. Sau ɗaya ya kusa."

Ta ce, "Me ya hana shi?"

Layin yana da kyau, ina jin kukan jaririn a bayanta. Na ce mata iska ce ta yi yawa a ranar.